Fatun Shanun Toranke

Litinin, 17 ga Yuni, 2024

Washegarin Babbar Sallah. Mutane na ta suya, mu muna ta karɓar fata. Tun hantsi ake shigowa da fatun ragunan layya a buhu, kowa da saƙonsa: a jeme masa buzu, kada a cire gashin. Maigidana Malam Kabo ya barbaɗa musu gishiri ya jera a rumfar bayan gida. Ƙudaje sai ka ce a kwata.

Bagaruwa ce babu. 'Yan gawayi sun gama da bishiyoyin hanyar Kademi, wadda ake samu a kasuwa kuma ta fi ƙarfinmu. Malam ya ce bana da sassaƙe za mu yi jima. Zai bi itatuwan da aka kayar ya ɓare ɓawonsu kafin a cinna musu wuta. Ya ce mahaifinsu ya taɓa yin haka wata shekara, fata tana jemuwa, sai dai ta fi daɗewa a ruwa kuma ta fi duhu.

Dakan ni zan yi, wannan ba sai an faɗa ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Sassaƙe ba ya dakuwa kamar 'ya'yan bagaruwa. Taɓarya sai ta riƙa dawowa. Tafin hannuna duk ya yi bororo. 'Yata Baiwa ta ce za ta taya ni, ta ɗauki muciya tana bugun ƙasa.

Malam ya dawo da buhu biyu da kuma sara a hannun hagu, ƙasan gwiwar hannu. Gatari ne ya zame. Ya ɗaure da tsumma ya ce ba komai.

Alhamis, 27 ga Yuni

Yaya Gwadabe, wan Malam, ya shigo da babur ɗauke da fatun shanu. Ɗanyu, da nauyinsu. Rabon da fatar saniya ta shigo gidan nan na manta, masu ganda sun fi majema kuɗi, duk su suke kwashewa su kai kudu a cinye. Na ga fuskar Malam. Ya durƙusa yana shafa su yana cewa, "Ƙirgi, Yaya. Ƙirgi na gaske."

Wai daga wajen Kolo mahauci na Toranke. Shanu ne suka faɗi a wata ruga, aka tare su da wuƙa, shi ya sa aka bayar da araha.

Ni jinin ne bai yi mini ba. Baƙi ƙirin, kuma bai daskare ba, yana ta ɗiga ta bakin buhu. Na ce, "Yaya, me ya kayar da su?" Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ke da turmi aka san ki." Shekara shida ina gidan nan, har yau Amarya.

Talata, 2 ga Yuli

Ɗaya daga fatun shanun ta kwana uku a ruwan toka, yau Malam ya ɗora ta a kan gungume ya kankare gashin da kartaji. Wuni ya yi a kanta, hannayensa a jiƙe har kafaɗa. Sauran suna rumfa cikin gishiri, kwatarniyoyin jimar duk a cike suke da fatun layya.

Buzun farko na sassaƙe ya fito. Ja mai duhu, kamar shayin da ya daɗe a wuta. Malam ya lanƙwasa gefensa bai tsage ba. Ya miƙo mini ya ce, "Naja'atu, dakanki ne wannan." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Wani ƙurji ya fito masa a bakin saran gatarin. Yana ta susa.

Asabar, 6 ga Yuli

Ƙurjin ya yi ruwa ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar an ɗora garwashi. Abin mamaki wai ba ya zafi. Ya barbaɗa garin sassaƙe a kai. Na ce a je kemis, ya ce majemi ba ya zuwa kemis a kan ƙurji.

Yaya Gwadabe ya tafi wani wuri tun safe da babbar riga, bai ce ina ba.

Litinin, 8 ga Yuli

Zazzaɓi. Hannun ya kumbura har wuya, rigarsa ba ta shiga. Inna, mahaifiyarsu, ta zo da kasko da turare, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa saboda an ga fatun shanu sun shigo. Na riƙe kaskon. Me zan ce?

Talata, 9 ga Yuli

Da asuba ya daina gane mutane, yana kiran mahaifinsa da ya rasu. Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a adaidaita zuwa babban asibiti. An ba shi gado, an sa masa ruwa. Likitan da ya kwance tsumman ya tsaya yana kallon wurin, sannan ya sa aka kawo masa safar hannu, ya kira wani ma ya zo ya gani.

Laraba, 10 ga Yuli

Likita ya tambayi sana'arsa. Aka ce jima. Ya ce ko ya taɓa wata dabba da ta mutu haka kawai, ko fatarta? Yaya Gwadabe ya amsa tun kafin ya rufe baki: "Ko ɗaya, likita. Fatun layya ne kawai, lafiyayyu."

Ina tsaye a bayansa da kwanon kunu. Bakina ya buɗe, Inna ta taka mini ƙafa.

A waje Yaya ya ce mini, "Idan kika bari mutanen gwamnati suka shigo gidan nan, sai sun bar mu da bango. Kin ji na gaya miki."

Alhamis, 11 ga Yuli

Ƙanwata Hindatu, da take aure a Toranke, ta bugo waya ta yi mini sannu. A cikin magana ta ce, "Ai mu ma nan ba lafiya, Yaya. Kin ji Kolo mahauci ya rasu?"

Tun ranar Asabar. Ciwon ciki da aman jini. Ta ce gidaje da yawa da suka ci naman nan suna kwance. Ta ce mutanen rugar sun ce ciwon saifa ne ya kayar da shanun, sun tashi da sauran shanunsu. Ta ce, "Ai na ga Yaya Gwadabe a wurin jana'izar."

Ranar Asabar. Babbar riga.

Ya sani ke nan. Ya tsaya gaban likita da saninsa.

Juma'a, 12 ga Yuli

Malam ya buɗe ido, ya sha kunu kaɗan.

Na dawo gida in yi wa Baiwa wanka na tarar da Yaya a rumfa yana naɗe fatun shanun yana cusawa a buhu. Ya sa leda a hannu. Ledar ce ta fi tsaya mini.

Na ce ina za a kai su. Ya ce ya yi magana da wani mai ganda, ranar Lahadi motarsa za ta biyo. Na ce, "Yaya, ci fa za a yi." Ya ce babbaka su ake yi a wuta, wuta tana kashe komai. Na ce masu babbakar fa, da matan da za su kankare? Ya miƙe ya ce, "To ke za ki sayi maganin mijinki? Da me? Da taɓarya?"

Na juya na bar shi a rumfar.

Ba mugu ba ne, abin da ya fi damuna ke nan. Shi ya biya katin asibiti, shi yake kwana a baranda a kan tabarma sauro na cinsa. Ƙaninsa yake so ya tashi.

Asabar, 13 ga Yuli

Na faɗa.

Ban shirya ba. Na kai abincin rana, Inna ta fita alwala, wata nas babba tana canza ledar ruwa. Ta ce, "Ke ce matarsa?" Na ce ni ce. Sai kawai na ji ina cewa akwai fatun shanu a gidanmu, na shanun da suka faɗi a Toranke, kuma gobe za a tafi da su.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce in biyo ta. Ta kai ni wajen likita na maimaita, ya yi waya, ya sake yin wata. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba, ya ce shi ne abin da makiyaya ke kira saifa. Ya ce dama abin da suke zato ke nan kuma maganinsa suke ba shi, amma gida fa? Wa ya taɓa? Yara nawa? Ya duba hannuwana ciki da baya. Ya rubuta mana ƙwayoyi ni da Baiwa da Inna, har da Yaya.

Da na dawo bakin gadon, idon Malam a buɗe. Ban san abin da ya ji ba. Ya dube ni ya juyar da kai bango.



Lahadi, 14 ga Yuli

Sun zo da safe, kafin mai ganda. Malamin dabbobi, wani Malam Abdulsalam, da ma'aikatan lafiya, da mai unguwa. Fararen kaya har kai, takalman roba. Unguwa kaf ta fito.

Na zata fatun shanun kawai za su ɗauka. Wallahi haka na zata.

Malam Abdulsalam ya tambayi wace kwatarniya aka jiƙa fatar a ciki. Na nuna. Ya ce ruwan fa, ina aka zubar? Kartajin, an kankare wasu da shi bayan nan? An kankare. Fatun layya, a rumfa ɗaya suke da na shanun? A rumfa ɗaya. Sai ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Duka ne."

Suka haƙa rami a bayan gida, mai zurfi, sai da mutum ya ɓace a ciki. Fatun shanu, fatun layyar mutane, waɗanda suka jemu da waɗanda ba su jemu ba, gungumen, kartajin, tabarmin rumfa, har buhunan sassaƙen da na daka saboda jinin ya ɗiga a kansu. Suka zuba man gas suka kunna. Kwatarniyoyin kuma suka ce ƙasa ce, ta sha ruwan, ba ta wankuwa. Suka farfasa su da diga suka tura ramin. Na mahaifin su Malam ne, wasu ma na kakansu. Inna ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, ba ta yi kuka ba, kallo kawai.

Yaya Gwadabe ya jira sai da suka tafi. Ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya daga waje ya ce, "Sannu, Naja'atu. Kin gama da gidan."

Yau bai ce Amarya ba.

Warin gashin da ya ƙone ya shiga komai. Tuwon dare ma shi yake yi.

Laraba, 17 ga Yuli

Baiwa ta je wasa gidan maƙwabta aka koro ta. Ta dawo tana tambayata wai mene ne saifa.

Mai kawo mana ruwa ya ajiye jarkoki a bakin zaure, ya ce in juye in miƙo masa.

Asabar, 20 ga Yuli

Masu fatun layya sun fara zuwa. Wasu jaje, wasu tambaya. Wani dattijo ya ce ragon da ya yanka na farko ke nan tun da ya yi ritaya, ya so ya riƙa salla a kan buzunsa. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Inna ta daina cin abincina. A ɗakinta take dafa nata a kurfoti.

Laraba, 24 ga Yuli

An sallamo Malam daga asibiti. Ya rame, hannun a naɗe an rataye masa a wuya. Bai shiga ɗaki ba, bayan gida ya wuce. Na bi shi daga nesa. Ya tsaya a inda kwatarniyoyin suke, yanzu sai zagayen gurbinsu a ƙasa da farar hodar da aka barbaɗa. Ya daɗe a tsaye. Ya sa ƙafa ya taɓa wani ɗan kasko da ya rage.

Na ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Ya wuce ni kamar ginshiƙi.

Lahadi, 28 ga Yuli

Yana cin abincin idan na ajiye na fita. Idan yana son abu sai ya aiki Baiwa: "Ce wa uwarki ta kawo ruwa."

Juma'a, 2 ga Agusta

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce ban san za su haɗa da komai ba. Na ce tsoro na ji, kada wasu su mutu a ce daga gidanmu ne. Na yi ta magana har ni kaina na gaji da muryata. Yana zaune yana kallon hannunsa. Da na gama ya tashi ya tafi masallaci, lokacin salla ma bai yi ba.

Talata, 6 ga Agusta

Hindatu ta bugo. Ɗan Kolo na tsakiya ma ya rasu, tun makon da ya wuce. Matar Kolo, Fanta, tana takaba, ga wannan kuma. An zo an yi wa shanun yankin allura.

Na so in gaya wa Malam. In ce ka ji, ka ga abin da nake gudu. Sai na ga kamar zan ɗauki gawar yaron mutane in kare kaina da ita. Na fasa.

Asabar, 17 ga Agusta

An kwance hannun. Wurin ya lotsa, fatar ta tattare ta ja jijiya, ba ya miƙewa sosai kuma yatsu biyu ba sa damƙa. Kartaji da hannu biyu ake riƙe shi. Kowa a gidan nan ya san haka, ba wanda ya faɗa.

Ruwa kwana uku ba tsayawa. Gefen ramin ya zabtare, na sa Baiwa kada ta je wajen.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na ji su a zaure, shi da Yaya. Ba laɓe na yi ba, shara nake. Yaya yana cewa macen da za ta kai sirrin gida waje ba ta zama, ya sallame ni kawai a huta, Inna ma haka ta ce. Na tsaya da tsintsiya ina jiran abin da Malam zai ce.

Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan takardar saki.

Litinin, 9 ga Satumba

Ya fara bin masu ƙodago gonakin mutane da hannu ɗaya da rabi. Majemi, ɗan majemi. Ya dawo yau da laka har gwiwa ya kwanta a kan tabarma ko wanka bai yi ba.

Na daina ba shi haƙuri. Ban yanke shawarar dainawa ba, kawai na duba na ga ba ni da sauran haƙurin bayarwa. Da za a mayar da ni ranar Asabar ɗin nan gaban nas ɗin, abin da na faɗa shi zan faɗa. Wannan a nan kawai zan iya rubuta shi.

Laraba, 25 ga Satumba

Baffana ya aiko daga Balan. Ya ce idan zaman ya gagara in taho, ɗakin Gwaggo yana nan, ba zai tambaye ni komai ba. Na haɗa kayana da na Baiwa a jakar buhu na tura ƙarƙashin gado. Bayan an cire gero zan tafi. In ba shi lokaci ya rubuta da kansa, ko kuma in tafi haka nan.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Gero ya shigo. Ban tafi ba tukuna, Baiwa na tari.

Talata, 8 ga Oktoba

Da la'asar na ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Na leƙa. Kwatarniya ce sabuwa, babba, ja, da baƙin wuta a gefenta, an ɗaure ta a kan tsohuwar taya. Ashe abin da yake tarawa da ƙodagon ke nan. Mai amalanken ya sauke ta a zaure ya yi gaba. Yaya ba ya nan.

Malam ya gwada mirgina ta da hannu ɗaya, ta karkace za ta bugi dokin ƙofa, ya tare ta da gwiwa. Ya sake gwadawa. Baiwa tana tsaye kusa da shi, na jira ya aiko ta.

Sai na ji ya ce, "Naja'atu. Kama mini nan."

Na kama. Muka bi da ita a hankali ta tsakar gida, ta gaban ɗakin Inna, tana zaune tana tsince wake ba ta ɗago ba. Bai kai ta tsohon wurin ba, can gefen bishiyar darbejiya ya nuna, nesa da ramin. Muka girke ta, ya sa duwatsu ya tokare. Ya ce, "Ta zauna?" Na girgiza ta na ce ta zauna. Ya ce idan fata ta samu, wani zai riƙe masa ɗaya ƙarshen kartajin. Bai ce wa ba. Bai dube ni ba.

Shi ke nan maganar. Ba wai mun shirya ba ne. Inna har yanzu a kurfoti take girki, ruwa har yanzu a bakin zaure ake ajiye mana, hannun kuma yadda yake haka zai zauna. Kwatarniya ce guda ɗaya, ko fatar akuya babu a gidan.

Na fito da kayan daga jakar buhun na mayar akwati. Damshin ƙarƙashin gadon ne, za su yi fumfuna.